Dandaƙa da Allurar Ƙiba: Abin da Mai Turke Ya Kamata Ya Sani

A ƙauyukan Gwarzo da Kabo, da wuya ka shiga gida ba ka ga rago ko sa a turke ba, ana jiran Babbar Sallah ko ranar kasuwar Getso. Masu kiwon nan da yawa sun yi imani cewa dandaƙe dabba yana ƙara mata girma. Ƙiba yake ƙara mata. Girma daga wani wuri yake zuwa.

A ƙarƙashin ƙwaƙwalwar rago akwai wata 'yar tsoka da ba ta wuce ƙwayar wake ba. Ita ke sakin homon na girma cikin jini, kuma ba ta sakinsa a jere, sai dai ta tunkuɗo shi, ta tsaya, ta sake tunkuɗowa. In ya isa hanta, sai hanta ta fitar da wani sinadarin da ke gina tsoka da ƙashi. Ko bayan dabba ta balaga aikin bai ƙare ba, don shi ke sa abin da ta ci ya tafi ga nama maimakon kitse.

Maraina suna da hannu a wannan. Homon na maza da suke samarwa yana ƙarfafa wannan tunkuɗowar, wani sashe nasa ma sai jiki ya juya shi zuwa homon na mata kafin ya yi aikin. Shi ya sa Balami ko Uda da ba a taɓa ba yake fin ɗan'uwansa dandaƙaƙƙe kaurin wuya da faɗin ƙirji, ko da harawa da dusa ɗaya suke ci. Dandaƙaƙƙe kuwa ya daina faɗa da bin tumaki, ya kwanta ya tara maiƙo. Wanda ke son san noma mai ladabi ko taure mara wari, dandaƙa ta yi masa rana. Mai neman nauyin nama cikin wata uku, ya sake lissafi.

Inda haɗarin yake shi ne a teburin mai magani a kasuwa. Wasu sukan sayi dexamethasone su ɗura wa dabba a matsayin maganin ƙiba. Maganin kumburi ne. In aka daɗe ana ba da shi, yana zaizaye tsoka, ya raunana garkuwar jiki, ya ɓoye ciwon da ke cin dabbar, kuma yakan zubar wa tunkiya ciki in cikin ya tsufa. Ragowarsa kuma na iya bin naman har cikin tukunya.

Homon na gaske ma ba abin wasa ba ne. A Amurka ana sa wa shanu wasu a bayan kunne bisa ƙa'ida, amma an haramta wani mai suna DES ga dabbobin yanka a 1979 saboda alaƙarsa da ciwon daji. Tarayyar Turai ta hana shigo da naman da aka yi wa homon na ƙiba tun 1989.

Kafin allura ta taɓa dabbarka, nemi malamin dabbobi na ƙaramar hukuma. Duba lambar NAFDAC a jikin kwalba, ka karanta kwanakin da za a jira kafin yanka. Mai saye kuma ya dafa bayan rago da cinyarsa, ya ji ko tsoka ce mai tauri ko laushi ne kawai, ya tambayi abin da aka ba shi tun kafin a fara ciniki.