Yawon Sallah: yaushe ya dace a sayi tikitin wuraren shaƙatawa?

A duk lokacin da Sallah ta gabato, magidanta da dama a garin Mashi na jihar Katsina, kamar takwarorinsu na sauran sassan arewacin Nijeriya, kan sha roƙo iri ɗaya daga 'ya'yansu, wato a kai su gidan lilo ko gidan namun daji.

Mashi na kan hanyar da ta haɗa Katsina da Daura, saboda haka yawon Sallah na kusa ba ya buƙatar wani dogon shiri. Mai son kallon hawan sarki yana iya nufar ɗaya daga cikin biranen biyu, ya haɗa da ziyarar rijiyar Kusugu a Daura ko hasumiyar Gobarau a Katsina, ya komo gida kafin magariba.

Sai dai yara kan so abin da ya wuce haka. Wasu iyalai kan nufi Kano, wasu Abuja, masu hali kuma har Jidda ko Dubai. Yayin da sayen tikiti ta intanet ke ƙara yaɗuwa, maigida na fuskantar tambayar da iyayensa ba su sha fama da ita ba: ya biya kuɗin shiga tun da wuri domin ya sami rangwame, ko kuwa ya jira sai tafiya ta tabbata?

Tikiti iri uku

Tikitin shiga wuraren shaƙatawa ya kasu gida uku. Akwai wanda ake saya a bakin ƙofa ranar da aka je. Akwai wanda ake saya tun da wuri ba tare da an ɗaure shi da wata rana ba, sai dai a ba shi wa'adin da zai daina aiki. Sannan akwai mai ɗauke da takamaimiyar rana, wanda idan ranar ta wuce ba a je ba, mai yiwuwa kuɗin ya tafi ke nan.

A arewacin Nijeriya na farkon ne aka fi sabawa da shi. Haka jama'a suka daɗe suna yi a gidan namun daji na Kano, wanda aka kafa a farkon shekarun 1970 zamanin Gwamna Audu Bako. A shekarar 2019, lokacin da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kan ɓatan kuɗin shiga da gidan ya tara a bukukuwan ƙaramar Sallah, adadin da aka ambata ya kai kimanin naira miliyan 6.8, abin da ke nuna yawan jama'ar da kan yi tururuwa zuwa can.

A wuraren wasa irin su Wonderland na Abuja, wanda aka buɗe a 2007 kuma daga baya aka sauya masa suna zuwa Magicland, an saba biyan kuɗin shiga daban, kuɗin hawa kowane lilo daban. Wannan tsari yana da daɗaɗɗen tarihi. Lokacin da aka buɗe Disneyland a jihar Kalifoniya ta Amurka a watan Yulin 1955, dala ɗaya babban mutum ke biya a ƙofa, sannan ya sayi tikitin kowane wasa. Sai a 1982 aka koma ga biyan kuɗi ɗaya da ya haɗa komai.

Daga baya manyan kamfanonin suka sake salo. Tun daga watan Oktoban 2018, farashin tikitin Disney World da ke jihar Fulorida ya dogara ne ga ranar da mutum ya zaɓa, inda ranakun hutu suka fi tsada. Dalilin kamfanonin a fili yake: suna son sanin yawan baƙin da za su zo a kowace rana, su rage cunkoso, kuma kuɗi ya shiga hannunsu tun kafin su yi wa kowa hidima.

Abin da rangwame ke nufi

Ma'anar rangwamen da ake yi wa mai sayen tikiti da wuri ita ce, ya yarda ya ɗauki asarar idan tafiya ta fasu. Ɗan lissafi kaɗan zai nuna ko cinikin ya yi riba.

A ɗauka, a misali, iyali ne na mutum takwas, kuma tikitin kowa naira 5,000 ne a bakin ƙofa, jimilla naira 40,000. Idan aka yi ragin kashi 10 cikin ɗari ga wanda ya biya tun da wuri, maigida zai biya naira 36,000. Idan an je, ya tsira da naira 4,000. Idan ba a je ba, kuma ba a mayar da kuɗi, ya yi asarar naira 36,000.

Wato fashin tafiya sau ɗaya tak zai cinye ribar tafiya tara. Saboda haka irin wannan ragi ba ya da amfani sai ga wanda ya san cewa a cikin shiri goma da ya yi, da wuya ɗaya ya rushe. Ga kuma wata matsalar: a gidan Bahaushe ba a cika sanin adadin matafiya ba sai an zo shiga mota. 'Ya'yan 'yan'uwa da suka zo Sallah na iya ƙaruwa, wani yaron kuma zazzaɓi ya kwantar da shi.

Ganin wata

Babban abin da ke hana tsai da rana shi ne ita kanta Sallar. Ba a sanin ranar ƙaramar Sallah sai a daren 29 ga Ramadan, bayan Mai Alfarma Sarkin Musulmi, Alhaji Muhammad Sa'ad Abubakar, ya sanar da ko an ga jinjirin watan Shawwal ko ba a gani ba.

Gwamnatin tarayya kuwa kan ba da sanarwar hutu kwanaki kaɗan kafin nan, kuma akan sami saɓani. A watan Afrilun 2024 an ba da hutun Talata 9 da Laraba 10 ga wata. Da azumi ya cika talatin, Sallah ta kama Laraba, sai aka ƙara ranar Alhamis 11 ga wata. An yi irin haka a watan Yulin 2016. Duk wanda ya sayi tikitin ranar Talata bisa zaton ita ce ranar Sallah, ya wayi gari da azumi a bakinsa.

Babbar Sallah ta fi sauƙi ta wannan fuska, domin da zarar an ga watan Zulhajji, an san ranar Layya da tazarar fiye da mako ɗaya. Sai dai da yake shekarar Musulunci na gaza ta Miladiyya da kimanin kwana 11, Sallar kan zagaya yanayi daban-daban. A 2024 da 2025 ta faɗo ne a watan Yuni, wato farkon damina. A yanki irin na Mashi, inda akasarin jama'a manoma ne, ruwan shuka ɗaya ya isa ya sa a ɗage tafiya. Haka kuma wuraren wasa kan tsai da manyan lilo idan hadari ya taso, kuma ba lallai ne su biya kowa diyya ba.

Hanya, mai da tsaro

Ga mai tashi daga Mashi, kuɗin shiga ƙaramin ɓangare ne na abin da zai kashe. Kuɗin mota, abinci da masauki su ne masu nauyi. Bayan sanarwar janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, farashin lita ya tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa wajen naira 500 cikin 'yan kwanaki, kuma a watan Oktoban 2024 ya haura naira 1,000. Iyalin da ya biya tikiti amma kuɗin hanya ya gagare shi, bai ci ribar komai ba.

Akwai kuma matakan hukuma da ba su ba da dogon gargaɗi. A 2020 annobar korona ta sa an soke hawan Sallah a masarautun arewa, an kuma rufe wuraren taruwar jama'a. Ita ma Disney World ta kasance a rufe daga tsakiyar Maris zuwa Yulin shekarar. A Kano, 'yan sanda sun hana hawan babbar Sallar 2024 da na ƙaramar Sallar 2025 bisa dalilan tsaro. Jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, wanda matafiya da yawa daga arewa suka dogara da shi, ya daina aiki bayan harin 28 ga Maris na 2022, bai dawo ba sai a watan Disamba.

Ƙaramar hukumar Mashi na da iyaka da Jamhuriyar Nijar, kuma iyalai da dama na da dangi a tsallake. Su ma sun ga yadda aka rufe iyakar bayan juyin mulkin Yamai na Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024 da Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren.

Masu fita ƙasashen waje

Ga masu shirin kai iyali Dubai, ko haɗa Umra da ziyarar wuraren wasa na Jidda, biza ce kan gaba. A watan Oktoban 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta daina bai wa 'yan Nijeriya bizar ziyara, kuma sai a tsakiyar Yulin 2024 aka sanar da ɗage matakin. Kamfanin jiragen sama na Emirates ma ya dakatar da zuwa Nijeriya a ƙarshen 2022, bai koma Legas ba sai ranar 1 ga Oktoban 2024. Tikitin wurin wasa ba ya bai wa kowa izinin shiga ƙasa.

Sai dai jira ma na da tasa tsadar. A farkon Yunin 2023 ana canjin dala ɗaya a hukumance a kan naira 460 da ɗoriya, amma a Fabrairun 2024 ta kai naira 1,500. Tikitin dala 100 ya tashi ke nan daga kimanin naira 46,000 zuwa 150,000 cikin wata takwas. Wanda ke fargabar irin haka yana iya tanadin dalar ya ajiye, ba sai ya ɗaure ta a jikin tikitin da ba a mayarwa ba.

Ya kamata kuma a lura da ƙa'idojin yara. A Disney World, alal misali, yaron da bai kai shekara uku ba yana shiga kyauta, mai shekara goma kuwa kuɗin manya ake karɓa a kansa. Manyan lilo da yawa na da iyakar tsawon jiki, ta yadda za a iya biya wa yaro cikakken kuɗi, amma a hana shi hawa abin da ya fi ɗokin hawa.

Me doka ta tanada?

Sashe na 120 na dokar kare haƙƙin masu sayayya ta Nijeriya, wadda ta fara aiki a 2019, ya bai wa mai saye damar soke duk abin da ya kama tun da wuri, muddin zai biya ladan sokewa daidai gwargwado. A 2022 wata babbar kotu a Enugu ta yanke hukuncin cewa ƙa'idar wani kamfanin motocin haya ta ƙin mayar da kuɗi bayan an biya ta saɓa wa doka. Hukumar FCCPC ce ke karɓar ƙorafi a kan irin waɗannan batutuwa.

Wannan doka dai ba ta tsallake iyakar Nijeriya. A waje, sharuɗɗan da ke jikin tikitin su ne abin dogaro. Disney World ba ta mayar da kuɗi, kuma ba a bai wa wani tikitin da aka fara amfani da shi, amma ana iya sauya rana tare da biyan cikon farashi, kuma kuɗin tikitin da wa'adinsa ya ƙare ba a taɓa shi ba ana iya sanya shi cikin sayen sabo.

Batun kafin alƙalami da ake bai wa direban da aka ɗauka shata, ko wakilin tafiye-tafiye, ya daɗe a littattafan fiƙihu da sunan arbun. Malikawa da akasarin malamai ba su yarda mai sayarwa ya riƙe kuɗin ba idan ciniki ya fasu, Hambalawa kuwa sun halatta. A 1993 Majalisar Fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta amince da shi, bisa sharaɗin a ƙayyade wa'adin jira. Ko ta wane ɓangare aka duba, fayyace sharaɗi tun kafin kuɗi ya bar hannu shi ne ke hana rigima.

Abin da za a fara biya

Daga waɗannan misalai, tsarin da ya fi rage asara shi ne a bar abin da ba a mayarwa ya zamo na ƙarshe. A fara da abin da ba ya hannun maigida, wato sanarwar ganin wata, hutun aiki da na makaranta, biza da kuma labarin hanya. Sai kuɗin mota ko jirgi da masauki, a kuma fifita waɗanda ake iya ɗagewa. Tikitin shiga ya biyo baya.

Idan dole sai an saya da wuri, kamar a wuraren da ke ƙayyade yawan masu shiga, tikitin da ba a ɗaure da rana ba ya fi kwanciyar hankali ko da ya ɗan fi tsada. In kuwa mai rana ne kaɗai ake da shi, zaɓen kwana na uku ko na huɗu bayan ranar da ake zaton Sallah zai kauce wa ruɗanin ganin wata, kuma a lokacin cunkoso ya fara raguwa.

Kafin a tura kuɗi, akwai tambayoyi huɗu da suka cancanci amsa a rubuce: ana iya sauya rana? Ana iya bai wa wani? Kuɗin ya haɗa da hawa lilo, ko na ƙofa ne kawai? Idan wurin ne ya rufe, wa zai ɗauki asarar? Yana kuma da muhimmanci a saya daga ofishin wurin ko shafinsa na ainihi, a ajiye rasiti, domin lokacin bukukuwa ne 'yan damfara suka fi baza tallar rangwamen ƙarya a shafukan sada zumunta.

Saura alƙawarin da aka yi wa yara, wanda ba shi da rasiti, kuma ba su mantawa da shi. Magidancin da ya ce za a je cikin kwanakin Sallah in Allah Ya yarda, ba tare da ya yanke rana ba, ya bar wa kansa ƙofa. Idan tafiyar Kano ko Abuja ta gagara, Daura da Katsina na nan kusa, kuma kallon dawakin sarki ba ya buƙatar tikiti.