Me Ya Sa Mutane Ke Kashe Kuɗi Wajen Tayar da Tsohuwar Fijo 504?

Da na je gida Jalingo hutun Sallah, na tarar 'yan'uwana suna cinikin Fijo 504 ɗin marigayi Babanmu da 'yan gwangwan. Ta shekara da shekaru a fake a ƙofar gidanmu a unguwar Turaki, tayoyi sun sace, kaji na kwana a ƙarƙashinta. Na ce a dakata. Yayana ya dube ni ya ce, "Kai da ke Legas, me za ka yi da wannan akwalar?" Amsar da na ba shi ita ce nake so in faɗa muku, don na san da yawa cikinmu mazauna Agege, Sabon Ibadan ko Fatakwal mun baro irin wannan mota a gida.

A Amurka akwai masu sayen tsofaffin motoci masu ƙarfin inji na shekarun 1960, irin su Ford Mustang da Dodge Charger, su bar musu siffarsu ta asali, amma su sa musu birki da na'urar sanyi da waya na zamani. Mu a nan, motar da ta cancanci wannan gata ita ce 504.

An fara ƙera ta a Faransa a 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar motar shekara a Turai. A 1975 ta lashe gasar Safari ta Kenya, wadda ake yi a kan hanyoyin ƙura da taɓo. A wannan shekarar ce kamfanin PAN ya fara harhaɗa motocin Fijo a Kaduna. Faransa ta daina yin 504 a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har bayan shekarar 2000. Shi ya sa ta zama motar jami'an gwamnati, motar alhazai, kuma motar tasha.

To, me ke jan hankalin mutane gare ta? Na farko, ƙwari. Tana da tsayi daga ƙasa, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma sifirin ɗinta na shanye gargada. Duk wanda ya taɓa hawa wagan daga Jalingo zuwa Gembu, ta Bali da Serti, ya san abin da nake nufi.

Na biyu, sauƙin gyara. Babu kwamfuta a cikinta. Injin silinda huɗu ne da kafireto, bakanike na jin ciwonta da kunne. Motocin Kwatano da muke hawa yanzu kuwa, fitila ɗaya ta kama a gaban direba sai an nemo mai na'ura.

Na uku, ba a saye shi a kasuwa. A cikin motar nan aka kai mahaifiyarmu asibiti ranar da za ta haifi autanmu. Wallahi da na buɗe ƙofar, ƙamshin kujerun kaɗai ya sa na ga Baba riƙe da sitiyari.

Amma fa sha'awa ba ta gyara mota. Ga abin da na koya cikin watannin da muka yi a kanta. Kafin ka sayi ko kusa ɗaya, ka ɗaga kafet ka duba ƙasan motar da gindin ƙofofi. Idan tsatsa ta cinye wurin da ƙafafu ke kamawa, ka haƙura. A nan motocin Arewa suka fi na Kudu, domin damshi da iskar teku na cin ƙarfe da wuri. Tamu ta tsira ne saboda bushewar rani.

Bayan jiki, sai birki, kafin fenti. Mun canza bututan mai da robobi gaba ɗaya. Sai wayoyin lantarki, domin tsohuwar waya ita ke jawo gobara. Mun wanke lagireto muka ƙara masa fanka mai lantarki saboda cunkoso, muka cire kwantak muka sa na zamani don ta riƙa tashi da bugu ɗaya, muka sa bel a kujeru. Fitilunta da zakin da ke gabanta kuwa ban bari an taɓa ba.

Ku da ke Kudu kuna da dama: kayan gyara na samuwa a Ladipo ta Legas da Nnewi, kamar yadda ake samu a Panteka ta Kaduna. Sai dai ka tafi da tsohon kayan a hannu don gwadawa. In ka canza inji ko launi, ka je ofishin lasisi a gyara takardu, kada a tare ka a hanya.

Gaskiya ɗaya: tana shan mai fiye da ƙananan motocin yanzu, kuma da wuya ka mayar da abin da ka kashe in ka sayar. Wanda ke neman riba ya nemi wata sana'ar.

Tamu dai ta tashi. Ranar Juma'ar da ta wuce Yayana ne ya ja ta zuwa masallaci, ya kira ni yana dariya, wai dattawa uku sun tare shi suna tambayar ko ta Alhaji ce. Allah Ya jiƙan iyayenmu.