Lissafin Darussan Gama-gari ga Masu Shiga Jami'a da Takardar NCE

Ɗalibi daga Kujama da ya kammala shekara 3 a Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya, kusa da Kafanchan, yakan nemi shiga jami'a kai tsaye ta hannun hukumar JAMB. Idan sakamakonsa ya cika sharaɗi, akan ɗauke shi a aji biyu. Wato takardar NCE tana yafe masa shekara guda ne a dunƙule, ba a bin darussanta ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka jami'o'i da dama kan wajabta masa darussan gama-gari na aji ɗaya, musamman Ingilishi, alhali ya yi makamantansu ƙarƙashin manhajar hukumar NCCE. A ganinmu, ga mai nazarin Hausa, wannan maimaici yana cinye sa'o'in da nahawu da adabi suka fi buƙata.