Haɗarin Nutso A Tafkunan Kuza Na Jos

Ran 29 ga watan Satumba, 2018, aka tsamo motar Manjo Janar Idris Alkali mai ritaya daga wani tsohon tafkin kuza a Dura-Du, cikin Ƙaramar Hukumar Jos ta Kudu, bayan da sojoji suka yi kwanaki suna zuƙe ruwan da injuna. Irin waɗannan tafkuna barjat suke a ƙasar Filato. Ramuka ne da kamfanonin haƙar kuza suka bari, ruwan sama ya cike su, ga zurfi, ga sanyi, ga laka wadda da an taɓa ta sai ruwan ya yi duhu ƙirin.

Duk wanda za a tura ƙarƙashin wannan ruwa, ransa yana rataye ne ga tukunyar iskar da ya goya, da na'urar da ke daidaita masa numfashi, watau irin wadda Faransawan nan biyu, Cousteau da Gagnan, suka ƙera a 1943. Na'urar kanta ba ta cika cin amana ba idan ana kula da ita. Matsalar takan fito ne daga sakaci. Tukunyar da ke ɗauke da iska mai matsi har ninki 200 tana bukatar a leƙa cikinta kowace shekara don gudun tsatsa. Injin cika ta kuwa, in an ajiye shi kusa da salansar janareto, sai ya ɗura hayaƙi mai guba wanda ba shi da wari, mai nutso ya suma a ƙasa ba tare da ya ankara ba. Haka kuma iskar tana saurin ƙarewa: a zurfin mita 10 ana shan ninki biyu na abin da ake sha a sama, a mita 20 ninki uku.

Amma Jos tana da wata matsala tata ta daban. Garin yana bisa tudu ne mai tsawon kimanin mita 1,200, inda nauyin iska bai kai na bakin teku ba. Jadawalin da masu nutso ke bi wajen sanin tsawon zamansu a ƙasa an tsara shi ne don bakin teku, kuma da an haura mita 300 tilas a gyara lissafin. In ba haka ba, iskar naitirojin da ta narke cikin jini sai ta yi kumfa sa'ad da mutum ya taso, ta jawo ciwon gaɓoɓi, ko shanyewar jiki, ko mutuwa. Har ila yau, tsohon ma'aunin zurfi da aka saita a Ikko yakan nuna ƙasa da ainihin zurfin da mutum ya kai a Jos, sai dai in an sake saita shi a bakin tafkin kafin a shiga.