Raunin da aradu ke ɓoyewa a jikin jirgin sama

Daga Yuni zuwa Satumba, idan hadari ya taso daga gabas ya rufe tsaunukan Adar, mutumin Keita ko Buza ko Madawa ba ya buƙatar a gaya masa abin yi. Iska ce a gaba, ruwa na biye, walƙiya na tsaga sama, sai ya sauka daga tudu, ya nisanci gindin itace. Can sama kuwa akwai jiragen da ke ratsa sararin Nijar tsakanin Turai da Abuja ko Legas. Matuƙansu na kauce wa hadari iyakar iyawarsu, amma duk da haka aradu kan faɗa wa kowane babban jirgin fasinja kusan sau ɗaya a shekara.

A da, jikin jirgi na alminiyum ne. Wuta ta shiga ta hanci ko bakin fiffike, ta bi ta fatar ƙarfen, ta fice ta wutsiya, ta bar ƴan ɗigon ƙuna. Ba a kai ga wannan kariya da arha ba: a Disamban 1963 aradu ta kunna tururin mai a fiffiken wani Boeing 707 na kamfanin Pan Am a jihar Maryland ta Amurka, mutum 81 suka rasu, daga nan aka ƙara tsananta dokokin ƙera tankunan mai.

Yanzu jiragen sun sake jiki. Kusan rabin nauyin Boeing 787 da na Airbus A350 zaren kabon ne, da ake shimfiɗawa falle kan falle a haɗe da danƙo a gasa. Ga ƙarfi ga rashin nauyi, ga sauƙin mai. Kamfanin Ethiopian Airlines da ke zuwa Yamai da Kano ya karɓi 787 tun 2012, A350 kuma a 2016, don haka ƴan kasuwarmu da ɗalibanmu da masu zuwa Umra sun daɗe da sanin kujerunsu. Matsalar ita ce kabon ba ya ba wuta hanya kamar ƙarfe. Idan aradu ta same shi, wutar sai ta taru wuri guda, danƙon ya ƙone ya zama tururi, tururin ya tura daga ciki, fallayen su rabu da juna. Shi ya sa ake shimfiɗa siririyar ragar jan ƙarfe a ƙarƙashin fenti domin ta watsa wutar, a kuma gwada kayan da wutar da ta kai amfiya 200,000 kafin a yarda da su.

An taɓa ganin irin wannan lahani a zahiri: a Janairun 1995 aradu ta bugi farfelar wutsiyar wani jirgi mai saukar ungulu ƙirar Super Puma a kan Tekun Arewa, kusa da Sukotland. Farfelar mai kabon ta lalace, matuƙan suka sauka a kan ruwa, mutum 18 da ke ciki duk suka tsira.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan rauni ba ya nuna girmansa. A waje tabo ne da bai wuce tafin hannu ba, a ciki kuwa rabuwar ta yi nisa. Saboda haka makanikin jirgi ba ya tsayawa ga ido. Ya kan ɗauki ƴar guduma ko kwabo yana ƙwanƙwasa fatar taki bayan taki, kunnensa a kusa, kamar yadda mace ke ƙwanƙwasa tulu a kasuwar Madawa kafin ta biya: mai lafiya ya yi amo, mai tsaga ya yi dum. Wannan dabara ba ta kai wa can ciki. Sai a shafa wani ruwa mai kauri, a ɗora na'urar da ke aika sautin da kunne ba ya ji, irin ta ɗaukar hoton ciki a asibiti. Inda fallaye suka rabu, sautin kan dawo da wuri, allo ya nuna zurfin wurin. Akwai kuma hasken da ake ɗumama fatar da shi, kyamara ta bi yadda take hucewa, domin wurin da iska ta shiga tsakani ya fi jinkirin sanyi.

Ragar jan ƙarfen ma ta taɓa kai manya gaban alƙali. A 2021 hukumar jiragen saman Katar ta dakatar da wasu A350 na Qatar Airways bayan fenti ya ɓare ya tona ragar. Airbus ya dage cewa babu barazana ga lafiyar jirgin, aka yi ta shari'a a Landan, sai a Fabrairun 2023 suka sasanta.

A ganina, yankin da daminarsa ke da irin wannan tsawa bai kamata ya dogara da gwanayen waje kaɗai ba. Ya dace hukumar jiragen saman Nijar, ANAC, da kamfanonin da ke sauka a filin jirgin saman Diori Hamani su sa kuɗi wajen horar da matasanmu wannan aikin bincike, a kuma ajiye na'urorinsa a Yamai kafin ruwan farko ya sauka.