Yadda Wayarka Ke Gano Inda Littafi Yake, Ko a Zariya Ko a Amurka

A da, ɗalibin Kwalejin Shehu Idris da ke Maƙarfi, ko malamin sakandare a Ikara ko Kudan, in yana neman wani littafi sai ya biya kuɗin mota zuwa Samaru. Can zai shiga Laburaren Kashim Ibrahim na Jami'ar Ahmadu Bello, ya yi ta laluben katuttuka a durowa, wani lokaci kuma ya dawo hannu rabbana. Yau rabin wannan aiki a waya ake gama shi. Sirrin kuwa shi ne abin da masana ke kira metadata.

Mene ne metadata?

Buɗe wani hoto a wayarka ka duba bayanansa. Za ka ga ranar da aka ɗauke shi, da girmansa, da samfurin wayar. Wannan shi ne metadata. A littafi kuma, shi ne sunan marubuci, da sunan littafin, da shekara, da harshe, da maɗaba'a. Kamar katin shaida ne: ba shi ne mutumin ba, amma da shi ake gane shi.

A da kowane laburare shi ke rubuta nasa katin. A 1967 aka kafa ƙungiyar OCLC a jihar Ohayo ta Amurka, kuma daga 1971 laburarori suka fara zuba bayanansu a rumbu ɗaya, wanda yanzu ake kira WorldCat. Wuri ɗaya ya shigar da bayanan littafi, saura su kwafa, su ƙara da cewa su ma suna da shi. Rubuta Magana Jari Ce a shafin, za ka ga jerin laburarorin da ke ajiye da littafin na Abubakar Imam.

Me ya shafe mu?

Rubuce-rubucenmu a warwatse suke. Wasu na Gidan Arewa a Kaduna, wasu na Zariya, wasu sun ƙetare teku. Littattafan Malam Umar Falke na Kano, wanda ya rasu a 1962, sama da 3,000 ne, kuma suna Jami'ar Northwestern a Amurka. Jami'ar Boston ta ɗora hotunan rubuce-rubucen ajamin Hausa a intanet. Laburaren Birtaniya ma yana da shirin ceto tsofaffin takardu tun 2004, kuma kallon hotunan kyauta ne. Amma hoton da ba a rubuta masa bayani ba, tamkar allura ce a ruwa.

Inda gizo ke saƙa

Kwamfuta abin da aka ba ta take nema. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo a wani rumbun Usman dan Fodio ne, a wani Uthman ibn Fudi. Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, wasu na sa su, wasu na barinsu. Kuskuren ma'aikaci ɗaya kuma yana bin duk wanda ya kwafa. Sannan littattafan Hausa da yawa da ake sayarwa a kasuwa ba su da lambar ISBN, wasu ko shekarar bugu babu, don haka da wuya su bayyana.

Abin yi

Gwada suna da lanƙwasa, ka sake gwadawa babu ita. In malamin da ne, nemi sunansa na Larabci. Ka kuma sani WorldCat wurin da littafi yake yake nunawa. Cikakken littafi sai ka leƙa irin su Internet Archive. In kuwa akwai tsofaffin takardun kakanni a gidanku, kada ka tsaya a ɗaukar hoto. Rubuta sunan marubuci, da garin, da mai ajiyar, tun dattawan da suka sani suna raye.