Barkono da Cutar da Feshi Ba Ya Warkarwa

Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, ruwa ya fara bin magudanai zuwa gonakin Kura da Bunkure, noman rani ya zama sana'ar gado a wannan yanki. Bayan tumatir da albasa, attarugu da shambo da tattasai ne ke cika kwanduna zuwa kasuwar Kwanar Gafan. Amma duk manomin barkono ya san ranar da zai shiga gona ya tarar ganye ya nannaɗe, ya yi dabbare-dabbare, tsiron ya tsumbure, 'ya'yan kuma ƙanana a murɗe.

Sau da yawa bairos ne. Ɗaya daga cikin masu tsanani a Afirka ta Yamma a Ghana aka fara gano shi, a 1971, kuma darɓa ce ke yaɗa shi. Wasu kuma farin ƙuda ke ɗauke da su. Abin takaicin shi ne darɓa na soka bakinta a ganye ta zuba cutar cikin daƙiƙoƙi, kafin maganin ƙwari ya kashe ta. Manomi ya yi ta feshi, kuɗi na tafiya, tsiron da ya kamu kuwa ya kamu ke nan.

Shi ya sa masu bincike suka koma ga iri. A tashoshin gwaji irin na Kadawa, da ke ƙarƙashin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, akan jera iri daban-daban a ga wanda cuta ba ta kayar ba. Sai a ɗebi garin furensa da hannu a shafa wa furen irin da kasuwa ke so, a shuka 'ya'yan, a zaɓa, a sake haɗawa, shekara da shekaru. Wata juriyar ma ba ta fitowa sai tsiron ya gaje ta daga uwa da uba duka.

A ganina, nan ne wuyar aikin take. Attarugun da ya jure cuta amma ya rasa ƙamshinsa da yajinsa, mai miya ba za ta waiwaye shi ba, dillali ma haka. Kuma manomin da ya ciri iri daga 'ya'yan irin haɗi ya ajiye wa baɗi, zai tarar juriyar ta watse, wasu tsirrai lafiya lau, wasu a nannaɗe tun suna bedi.